Kujerar Hagun Baba Sule

Duk wanda ya taɓa cin abinci da marigayi Baba Sule a garin Sterling ya san ihun nan nasa: "Pon!" In yana da tsoka biyu a faranti, ya hango irinta a naka, to ta tafi. "Uku ne gida, Idi, haka doka ta ce."

Dokar majan yake nufi, wasan Japan da wani tsohon abokin aikinsa a filin jirgi ya koya masa. Mutum huɗu, kowa yana tara duwatsu masu zane da lambobi, yana ɗaukar wani yana yar da wani, har ya haɗa gida huɗu na uku-uku da tagwaye guda. Gida ko dai iri ɗaya ne sau uku, ko jere, kamar uku, huɗu, biyar. Ko goro ba mu taɓa sawa ba, amma shekara bakwai, duk Lahadi bayan la'asar, ban ci shi ba ko sau ɗaya. Ko ɗaya!

Abin da ya fi ƙona min rai, ni ne mai zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina fama da baƙaƙe. Shi ko sunansa ba ya rubutawa, amma ya shafa dutse da babban yatsa, bai duba ba, ya ce, "Bakwai." Ya juya, bakwai ɗin ce.

Na ce, "Baba, ina ka yi karatun Japananci?"

"Yatsa ne ya yi, ni ina tuƙin mota."

Kullum a hagunsa yake zaunar da ni. Hajiya Rabi, abokiyar wasanmu, ta taɓa zama wurin, ya tashe ta. "Kujerar Idi ce!" Ni kuwa kaina ya kumbura. Sai da na iya karatu na karanta dokokin da kaina: jere, daga abin da na hagunka ya yar kaɗai ake ɗaukar dutsen cika shi. Na tare shi.

"Ashe shi ya sa?"

"To, kai ne ba ka san abin yarwa ba. In bar gonata ga Rabi?"

Wallahi ranar ban ci tuwo ba.

Lahadinsa ta ƙarshe a teburin nan, ciwo ya riga ya cinye shi. Ya yar da biyar, daidai wadda nake jira. Na kwantar da duwatsuna, na ci, na yi ihu har Hajiya Rabi ta zubar da shayi. Ya ce, "Sannu, ɗan makaranta."

Da aka kai shi ɗaki ya kwanta, na zo kwashe kaya, na juya duwatsunsa. Da biyar ɗin nan gidajensa sun cika, cin nasa ne. Ya gani sarai, ya yar.

Har yau haushi nake ji. Ci ɗaya tak da na yi a duniya, shi ma kyautarsa ce. Ban faɗa masa na gani ba.

Allah Ya jiƙan Baba Sule, Ya haskaka makwancinsa, Ya yi masa sassauci fiye da wanda ya yi min. Amin.