Daren da Ummi Ta Yi da Bargo

Abin da na fara lura da shi a duniya, ina jin, shi ne yadda hasken wuta ke rawa a goshin Inna, kakata ta wajen uba. A gidanmu na Garuwa, da an idar da magariba za ta zauna gefen murhu tana gasa masara, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ke zama daf da gwiwarta, don ta ce ni ne angonta.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta budurwar da masoyinta ya ƙetare Binuwai bai dawo ba. Kullum da yamma takan zo bakin ruwa ta raɗa wa dorina saƙo, dorina ta nutse ta kai masa, har ranar da kewa ta ci ƙarfinsa ya hau bayan dorinar ya dawo. Na sha kwana ina mafarkin wannan budurwa. Sai dai Inna tana da doka: ba a tatsuniya da rana. Wanda ya saurara da rana, ta ce, ɓata zai yi.

Bayan na girma, yayata Hadiza ta bi mijinta Kanada, ta haifi ɗiya aka sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Yarinya ta tashi da Faransanci kawai, Inna kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji. Hadiza ta aiko da kwamfuta don su riƙa ganin juna, ni na zama mai kunnawa da neman rezo, wato sabis.

"Angona, ina zan duba? Wannan ɗan ramin? Wane irin miji ne kai, kana sa ni leƙen mutane ta rami?"

Na koya mata ta daina ɗaga murya, ta daina goge gilashin da gefen zane. Amma Ummi da ta ce "bonjour" sai ta gudu. Inna ta ce, "Takwarata ba ta san ni ba."

Na ce a gwada tatsuniya. Da magariba na ɗora kwamfutar a kan turmi kusa da murhu. Inna ta gyara murya, sai ta hango taga a bayan yarinyar, rana tsaka.

"Rana ce can? Rufe abin nan. Ba zan ɓatar da takwarata a ƙasar mutane ba."

Na yi mata bayani cewa lokacin da dare zai yi musu, ita ta daɗe da barci. Hadiza ta ce, "Haba Inna, nan ai babu daji."

"A birni ma ana ɓata, Dije."

Hadiza ta ja labule, haske bai daina shigowa ba. Ta juya ta gaya wa ɗiyarta abin da ake ciki. Ummi ta ruga, ta jawo bargo ta lulluɓe kanta da kwamfutar gaba ɗaya. Daga cikin duhu muka ji ƙaramar murya: "C'est la nuit, Inna."

Na fassara wa Inna cewa Ummi ta ce dare ne. Inna ta matso da fuska. Ba a ganin komai sai ƙwayar ido biyu.

"To, dare ya yi," ta ce, ta fara.

Haka suka ci gaba kowace Asabar. A lokacin na ɗauka ni ke koya wa tsohuwa zamani. Yanzu na gane ita ta san abin da ban sani ba: yaro ba ya zama wuri ɗaya sai an rufe masa sauran duniya.

Inna ta rasu Ummi ba ta taɓa riƙe hannunta ba. Bara ta zo Garuwa, budurwa, tana karatun likita. Na kai ta kasuwa a moto, wato babur. Ta durƙusa ta gaida wata mai tallan kuka da Hausa irin ta Inna, ta tambayi gida da gajiya da sanyin ƙafa. Matar ta dafa ƙirji tana dariya.

"Yarinya, wace tsohuwa ce ta raine ki?"