Saura Ƙiris, In Ji Kawu Bawa

Duk wanda ya san Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, ya san amsarsa ɗaya ce: "Saura ƙiris." Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya sayo madubin kallon taurari, wani farin bututu mai kaurin turmi, shi ke nan muka rasa kansa. Burinsa guda ne, ya ga zoben da ke kewaye da tauraron Zuhal da idonsa.

To abin madubi biyu ne a cikinsa, babba a gindi, ƙarami a karkace kusa da baki, kuma sai sun kalli juna daidai ake ganin abin kirki. Kawu ya huda murfin robar magani, yana leƙawa ta hudar yana murɗa sukurorin gindin. Ya murɗa, ya leƙa, ya ja tsaki. Matarsa Inna Kulu ta ce tuwo ya huce. "Saura ƙiris!" Ta ce ko dai idon ne? Ya ce idonsa garau, madubin ne mai taurin kai. Kuma ba mai leƙawa sai ya gama, wai shi ba ya nuna rabin aiki.

Ni da nake direba ni na sha wuya. Ya ce fitilun Gusau sun yi yawa, mu nufi Kwatarkwashi. Ya rungume bututun a kujerar baya, kowane rami sai salati.

"Kai Isiya! Ka gotar mini da madubi!"

"Kawu, ni na haƙa ramin?"

"A'a, amma duk wanda ka gani sai ka shiga kun gaisa."

A shingen bincike wani jami'i ya hango bututun, ya ja da baya. "Baba, mi wanga ke harbawa?" Kawu ya ce, "Bari in gama saita shi ka gani." Wallahi a nan muka yi la'asar.

Shekaru ana haka. Wata rana bayan magariba ya gaji, ya ce, "Isiya, zo ka shaida muguntar madubin ga. Hazo kawai." Na leƙa. Ga Zuhal nan ɗan mitsitsi, da zobensa tar! Na ɗago na dubi Kawu, na ga farar yana kwance a idanunsa.

"Mi ka gani?"

"Zoben, Kawu. Tsaf."

Ya ɗauke hannunsa daga kan sukurun. Can ya ce, "Ashe na daɗe da gamawa. Kira Kulu."

Ranar har maƙwabta sun yi layi, shi yana gefe yana tsawa kada a taɓa masa gindin bututu. Kowa ya gani ban da shi.

Ya yarda a cire yanar, asibiti suka sa rana. Ana saura ƙiris ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya haskaka kabarinsa, ya nuna masa abin da ya fi zoben nan kyau.