Hoton da mahaifiyata ta yi wa'azi da shi

Shekarun baya can, ba da jimawa ba bayan yaƙin basasa, ina aji uku a wata sakandare a Kafanchan. Lissafi bai san ni ba, ƙwallo ma haka, amma hannuna ya iya zane. Shi ya sa malaminmu na kimiyya ya ba ni babbar takarda ya ce in kwafo masa wani hoto daga littafi: biri a farkon layi yana tafiya da hannu da ƙafa, na gabansa ya ɗan ɗago, na gaba ya ƙara miƙewa, har na shida, cikakken mutum a tsaye. Ya ce haka ɗan Adam ya samo asali, a hankali, cikin shekarun da ba su ƙirguwa.

Abin da ya ɗaure mini kai, wannan malamin shi ke ba da waƙa a sujadar coci ranar Lahadi. Da na tambaye shi ina Littafin Farawa, mai labarin halittar Adamu, ya shiga a nan, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ranar Litinin ka rubuta na littafi, ranar Lahadi ka ce amin." Na koma aji da ruɗanin da ya fi wanda na zo da shi.

Na tafi da takardar ƙauyenmu kusa da Kagoma a hutun Ista, na ƙarasa zanen, na kuma manta shi a ƙarƙashin tabarma. Sai wani na sake yi wa malam.

Da na dawo dogon hutu cikin damina, ina shiga ɗakin mahaifiyata sai ga biraina a bango, an kafe su da ƙusa huɗu kusa da kalandar coci. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu. Da hotuna 'yan mishan suka koya musu Bishara, don haka a wurinta duk hoton da ya fito daga makaranta akwai wa'azi a cikinsa. Ta ɗauko sanda ta yi mini bayani, fuskarta cike da fara'a.

"Wannan na baya, mutum ne cikin zunubi, yana shan burkutu, kansa a ƙasa kamar dabba. Nan ya ji Bishara. Nan ya fara tuba, ka ga gashi yana zuba. Nan ya yi baftisma. Wannan na ƙarshe, Yesu ya miƙe shi gaba ɗaya."

Ta ce mijin wata maƙwabciyarmu ya zo ya duba, ya gane kansa a na biyu, kuma tun ranar bai koma gidan burkutu ba. Sannan ta ba ni babban labarin: ranar Asabar za ta kai hoton babban taron zumuntar mata a Kafanchan, ta tsaya gaban jama'a ta ce ɗanta ne ya zana. Taron kuwa cike yake da matan fastoci da malaman makaranta, waɗanda kallo ɗaya za su yi masa su gane shi.

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, za a kunyata ta a gaban mutane. In na faɗa, ni ne na kawo biri gidan da ake addu'a safe da yamma. Ga shi ni kaina ban san wane bayanin ya fi kwanta mini ba, nata ko na malam. Gaskiya nata ya fi daɗin ji.

Ranar Juma'a muna cire ciyawa a gonar citta, na ce, "Mama, hoton nan ba na tuba ba ne."

"Na menene?"

Na yi ta in'ina har na kai ƙarshe. Ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Biri? Wannan da yana cinye mana masara?"

"Ba shi kansa ba, Mama. Malam ya ce kakanninmu da nasu ɗaya ne, tun can da can."

"To Adamu fa? Shi ne lamba nawa a layin?"

Kafin in buɗe baki, ta ƙara wata.

"Kuma ban ga mace ko ɗaya ba a ciki. Wa ya haife su?"

Wannan ma ba a koya mana ba. Ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Yarona, kai da ka zana da hannunka, wanne ka yarda?"

Na so in ce na Littafi Mai Tsarki, don hankalinta ya kwanta. Na so in ce na malam, don in nuna ni ɗan aji uku ne. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ban sani ba, Mama." Ta sunkuya ta ci gaba da cire ciyawa har muka tashi.

Ranar Asabar ta tafi hannu wofi. An ce da aka kira ta, waƙa ɗaya ta ɗaga ta koma ta zauna. Da matan ƙauyenmu suka tambaye ta ina hoton, sai ta ce mai shi ya karɓi kayansa. Ranar da zan koma makaranta ta miƙo mini shi a naɗe, ta ce, "Je ka tambayi waɗanda sun sani. Ranar da ka gane, ka zo ka gaya mini, sai in san ko zan mayar a bango."

Abin dariya, ni ma malamin kimiyya na zama. Na koyar da wannan darasin shekara da shekaru, ina kuma zama a kujerar dattawan coci. Na karanta na masu cewa biyun ba sa karo da juna, na saurari masu cewa dole a zaɓi ɗaya. Wani lokaci sai in ji na kama bakin zaren, amma da na fara shirya yadda zan faɗa mata a gonar citta, sai ya kuɓuce mini. Har yau ban tabbata ko taimakonta na yi ba, ko kuwa ƙwace mata wa'azin da ya raba mutum da burkutu na yi.

Ba ta sake tambayata ba. Amma duk lokacin da na je gida, muna gama gaisuwa sai idonta ya kai bango. Ta rasu ban kai mata amsa ba. Da muka shiga kwashe kayanta, ƙusoshin nan huɗu suna nan inda suke, ba ta taɓa rataya ko ɗankwali a kansu ba.