Ƙugiyar da Ban Sa Ba

A shekarar da soja suka koma bariki, ina koyar da ajin yaƙi da jahilci a wata firamare a Gyadi-Gyadi. Bayan la'asar muke shiga, idan yara sun tashi sun bar mana bencinansu. Ɗalibaina magidanta ne, leburori da 'yan acaɓa da masu wankin hula, sai wani direban bas da ya haura hamsin, wanda duk ajin ke ce wa Baba. Ni sakandare kawai na gama, amma na fi mai digiri ɗaga hanci.

Babu abin da na matsa musu a kai kamar ƙugiya, wato 'yar lanƙwasar nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ. In mutum ya manta da ita sai in ɗaga littafinsa sama in ce, "Kai, fada za ka je ko faɗa?" Aji ya kwashe da dariya, mai littafi ya sunkuyar da kai. Daɗi nake ji.

Baba bai taɓa mantawa ba. Ya yi karatun allo a ƙauyensu, don haka abin bai ba shi wuya ba.

"Ai kamar ɗigo ne, Malam," in ji shi. "Wurin zaman ɗigo ne kawai ya raba harafin ba da na nun."

Yana da dalilin dagewa. Wani asibiti a Tarauni ya samu sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya, an kuma yi masa alkawarin tuƙinta, da sharaɗin ya kawo takardar shaidar ya iya karatu kafin wata ya ƙare. Ya ce mini ya gaji da ihun tasha, yana son aikin da ke da lokacin tashi.

A daidai lokacin aka ce sabuwar gwamnati ba ta son kowane aji yana yin abin da ya ga dama. Aka kafa kwamiti ya rubuta abin da ya kamata babba ya iya kafin a kira shi mai karatu, da jarrabawar da za ta auna hakan. Aka sa ni ciki. Har yau ina tuna ɗakin da muka yi taron. Manyan mutane suna sakace bayan sun ci nama, suna gardama da Turanci a kan mutanen da ko Hausa ba su gama iya karantawa ba. Safiya guda muka ɓata a kan sunan wa zai zo farko a bangon takarda. Ni ma ba a bar ni baya ba. Don a san ina wurin, na miƙe na kawo ƙa'idata: dole ɗalibi ya bambance kalma mai ƙugiya da marar ƙugiya, wanda ya faɗi wannan sashe kuwa ya faɗi duka. Na rubuta tambayar da hannuna: a yi jimla da baƙi, da ƙafa, da ƙara, da faɗa. Shugaban kwamiti ya ce, "Madalla da Malam." Kaina ya kumbura.

Mai buga mana takardu wata mata ce 'yar kudu, haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi ta wasunmu. Da ta gama ta kira ni.

"Malam, tafiretar nan ba ta san ƙugiya ba fa. Sai ka bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya da biro."

"Na ji, Madam."

"Ka ji, ko za ka yi?"

Na ce zan yi. Amma ran nan sabon kansilanmu yana karɓar masu taya murna a Unguwar Gano, ni kuma ina so ya ga fuskata, ko a ba ni muƙamin mai duba azuzuwa. Na zuba takardun a ambulan na liƙe, na tafi na tsaya a rana cikin 'yan fadanci. Ko hannu bai ba ni ba.

Ranar jarrabawa na buɗe ambulan na raba. Sai da na kai layi na biyu idona ya faɗa kan tambayata: baki, kafa, kara, fada. Ga alli a hannuna, ga allo a bayana. Minti ɗaya ya isa in gyara. Amma shugaban kwamiti yana zaune a bakin ƙofa yana sa ido, sai na mayar da allin aljihu.

Yawancin ajin sun saba jin waɗannan kalmomi a bakina, sai suka yi cinke. Baba kuwa abin da ke kan takarda ya karanta, kamar yadda na koya masa. Ya rubuta: Na wanke bakina da asuwaki. An kafa rumfa a tasha. Mun yi darni da kara. Mai unguwa ya tafi fada.

Wurin duba takardu tasa ta faɗo hannuna. Na daɗe ina kallonta.

"Bi takardar amsa mana, Malam," in ji shugaba. "Ai kai ka rubuta ta."

Na ja jan biro sau huɗu. Na gaba da shi ya rubuta "kafata tana ciwo," babu ƙugiya ko ɗaya, na ba shi maki saboda ma'anar ta yi daidai da takardar amsa.

Bayan sakamako ya fito Baba ya same ni a ƙofar aji, da takardar tambayoyi a ninke a aljihun gaba. Ya warware ta a hankali.

"Malam, nuna mini ƙugiyar. Ko idona ne?"

Na ce, "Baba, ai karatu ba da ido kaɗai ake yinsa ba, sai an haɗa da hankali."

Ya dube ni, ya ninke takardarsa. "To, Allah ya ba mu hankalin."

Wata ya ƙare, aka ba wani motar. Bai sake zuwa aji ba.

Shekara biyu na yi ina sauya hanya don kada in bi ta inda yake lodi. Da abin ya ishe ni, na je na same shi zaune a bas ɗinsa, ana ta ihun fasinja. Na durƙusa a gefen taga na gaya masa komai, har zancen kansila.

"Na sani tun a ranar, Malam," ya ce. "Kai fa ka koya mini. So na yi in ji ko za ka faɗa. Faɗa mai ƙugiya."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, don yana so shi ma Allah ya yafe masa. Sannan ya tayar da mota.

"Shiga za ka yi ko matsawa? Ka tare mini fasinja."

Na matsa.