Dashen Nuwamba a Gonar Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana noman kabeji da karas a bayan Naraguta, kusa da wani tsohon ramin kuza. Ruwan sama ya canza hali a shekarun nan. Sai ya yi shiru har mutane su fara addu'a, sannan ya sauko lokaci guda kamar da gayya. Wani kwazazzabo ya buɗe daga ramin, kowace damina sai ya cinye mata kunya biyu ko uku. Gonar nan ita ke ciyar da ita tun rasuwar mijinta.

Ni kuwa ma'aikaci ne a sashen gona na wata ƙaramar hukuma. Da aka zo da labarin wani asusun yaƙi da sauyin yanayi, ni na rubuta takardar neman a dasa itatuwa da ciyawar riƙe ƙasa a bakin kwazazzabon. Na je na cika wa Gwaggo baki. Har yau ina jin kunyar wannan ranar.

Sharaɗin shi ne, sai hukumarmu ta fara zuba nata kason kafin masu asusun su saki nasu. To ina za ta samo? Abin da ke zuwa daga gwamnatin sama albashi ke lashe shi, harajin kasuwa kuma ko man motar shara bai cika saya ba. Muka zauna muna kallon damina tana wucewa. Duk Litinin sai in leƙa ofishin ma'aji, ya ɗaga min hannu tun kafin in yi sallama.

Kuɗin bai fito ba sai Nuwamba, ƙasa ta riga ta bushe ƙayau. Ga kuma doka: abin da ba a kashe ba kafin ƙarshen shekara, ya koma inda ya fito.

Na ce wa shugaban sashenmu, "Oga, ko yaron goye ya san ba a dashe da rani."

Ya ce, "Na sani. Ka fi so mu mayar musu? Je ka dasa, ka ɗauko hotuna."

Haka muka fasa ƙasa da diga muka dasa itatuwan. Gwaggo tana tsaye ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ɗan nan, a makarantar taku haka aka koya muku?" Na ci gaba da ɗaukar hotuna.

Duk da haka ba ta bar su ba. Ba a ware ko sisi don ban ruwa ba, sai ita ke gangarawa ramin da bokiti safe da yamma, da ciwon gwiwarta. Nakan taya ta ranar Asabar. Kafin Maris yawancinsu sun zama tsinke, waɗanda suka yi kore kuma awaki suka gama da su. Ruwan farko ya zo da ƙanƙara, ya tafi da kunya huɗu.

Bana asusun ya sake buɗewa, da wuri kuma, tun kafin damina. Na ɗauki takarda da rawar jiki na sa gonar Gwaggo a farko. Bayan sati biyu aka dawo min da ita, an ja layi a kan gonar. Wai an riga an magance wannan kwazazzabon, ga rahoton kammala aiki, ga hotuna. Na duba ƙasan rahoton, sa hannuna ne.

Shekaranjiya na je gaishe ta. Tana cire kabejin da ke gab da bakin ramin tun bai gama naɗewa ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bana dai da damina za ku zo, ko?"

Na ce mata ana kan magana.