Chaibou da Jikar Maharbi

Chaibou mutumin Tahoua ne. Karatun noma ya kawo shi Faransa, amma tuƙin kamiyon kai kaya ya riƙe shi. A Bron, kusa da Lyon, yake zaune da matarsa Shafa'atu. Ni Bukari nake zama gefensa ina sauke kwalaye, don haka ba wanda ya sha fama da halinsa kamar ni.

Duk ƙauyen da muka shiga a duwatsun bayan Lyon, sai ya tambayi inda aka kashe kyarkecin ƙarshe, wato karen daji. Su kuma mutanen nan, kai! Kowane ƙauye cewa suke nasu ne na ƙarshe. Wasu su nuna maka dutsen da aka kafa a wurin, wasu busasshiyar ƙafa da aka buga da ƙusa a ƙofar barga. Wani tsoho har rantse mana ya yi wai tun ranar rijiyarsu ta ƙafe. Chaibou zai saurara tsaf, sannan ya yi tambayarsa guda: "To maharbin fa? Ya bar baya?"

Wata rana na gaji, na balbale shi da faɗa. "Malam, kaya muka kawo ko ta'aziyyar karen daji?"

Bai yi fushi ba. Ya ce babansa maharbi ne. Da kyarketai suka ƙare a dajinsu, saura mace guda mai ɗingishi, tsofaffin gari suka roƙa a ƙyale ta, don a wajensu duk wanda ya kashe ta ƙarshe, gidansa ma ba zai yi saura ba. Ta ci wa baban akuya, ya harbe ta. Yayyen Chaibou suka rasu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya bar ɗa. Shafa'atu ta sha ɓari, yanzu ga wani cikin ya tsufa.

Na ce, "Haba Chaibou, camfi ne! Kana salla fa."

Ya ce ya sani. Shi dai so yake ya ga jikan irin wannan maharbi da idonsa, ko na Nasara ne, hankalinsa ya kwanta. Wallahi tausayinsa ya kama ni, daga ranar ban sake yi masa tsaki ba.

Ana nan, a wani ƙauye mai gasa burodi ta nuna mana wani gida a bakin daji. Wata tsohuwa, Madam Carine, ta buɗe mana. Ta ce ƙwarai, kakanta ne ya harbe na ƙarshe a kwarin nan. Chaibou ya damƙe hannuna har na ji zafi. "Ka gani? Jika! Ga ta nan da ranta!" Ban taɓa ganin ya yi dariya irin wannan ba.

Da zai fita, sai ya ce ta gaishe masa da 'ya'yanta. Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce ba ta haihu ba, ƙannenta duk sun riga ta, gidan ma ba mai gadonsa. Ta ƙara da cewa kyarketan sun dawo duwatsun, tana jin kukansu daga ɗakin girkinta.

Muka koma mota, bai ko tayar da ita ba. Sai wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciyar da ke zaune da Shafa'atu ce. Ya dubi wayar, ya miƙo mini.

"Bukari, ɗauka. Ni ba zan iya ba."