Wushiryata Ba Ciwo Ba Ce

Har yau ban yafe wa likitan haƙorin nan na Gusau ba, da ya dubi wushiryata ya ce matsala ce.

Matauni ɗaya ne ya hana ni cin tuwo kwana huɗu, ɗiyata ta ɗauko ni daga Bungudu zuwa wani asibiti a Sabon Gari. Na hau kujerar nan mai kwantawa, na wangame baki. Ya haska, ya ƙwanƙwasa, ya ce sai an cire. To, madalla. Sai kuma ya tsaya a kan haƙoran gaba.

"Inna, wannan gurbin ma za mu iya toshe shi, murmushinki ya yi kyau."

Na ture hannunsa. "Da can muni shika yi?"

Ya nuna mini hotuna a waya, haƙora farare jere kamar masarar da ba a ɓare ba, baki goma duk iri ɗaya. Wai haka ake so yanzu. Ɗiyata kuwa sai gyaɗa kai take, domin bikinta ya matso kuma za a ɗauki hotuna. Ya rubuta takarda da Hausa, ya ce a dawo gobe, ya turo mini tawadar dangwale. Bai tambaya ko na iya rubutu ba. Na naɗe takardata na jefa a jaka.

A 'Yandoto inda na tashi, wushirya ado ce da ba a saye a kasuwa. Ranar kasuwar Tsafe mukan goga furen taba da goro har haƙora su yi jawur, mai wushirya ita ake sawa gaba. Ina da ƙawar da ta kai bakinta aka goge mata da ƙarfe don ta samu irin tawa, ta yi wata guda ba ta shan ruwan randa.

Da la'asar na zauna ƙarƙashin darbejiya na buɗe takardar. Ina da shekara arba'in da ɗoriya na shiga ajin yaƙi da jahilci, karatuna da yatsa nake binsa, amma yana kai ni gida. Layi biyu ne. Na farko, cire matauni. Na biyu, toshe wushirya.

Na karanta wa Malam, maigidana, da ƙarfi. Ya yi dariya har da tari.

"Ni fa wushiryar na aura, ke kika biyo ta. In an toshe, sai a sake ɗaura aure."

Ɗiyata ta ce, "Inna, don hoto ne kawai."

"To mai hoton ya matso kusa, ya ɗauke ta da kyau."

Da safe na hau mota ni kaɗai, matauni na zogi. Na shimfiɗa takardar a teburin likita, na zaro birona, na ja layi a kan na biyu, na sa hannu a ƙarƙashin na farko. Sannan na yi masa murmushi, na hau kujera.